Apakuki Mai Auna Yara

Kowane gari da nasa gwanin baki, amma namu Allah ya yi shi da gyara. Sunansa Apakuki, ɗan goggota ne, wato taubashina, don haka ni Torika ina da damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina a gaban ko waye, kuma ban taɓa yin rowar wannan dama ba. Ya je Ostiraliya tsinkar lemo, bai cika shekara ba ya dawo mana da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, da usur a wuya, da wata sabuwar tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Tun daga ranar, ko kifi ka gasa sai ya gaya maka yadda Bature ke gasa nasa.

A shekarar ne Malama Salanieta ta aiko mana da saƙo. Ita ke koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar da ke tsallaken ruwa, inda kwale-kwale ke kai yaranmu ranar Litinin ya dawo da su ranar Juma'a. Bara an maido mana da yara biyu da suka yi ta kuka har suka rame, aka ce ba su isa ba tukuna, mutanen ƙauyen gaba kuwa suka samu abin yi mana waƙa. Shi ya sa bana Malama ta ce za ta zo da kanta ta ga yaran kafin a buɗe makaranta.

Aka buga ganga, muka taru a zauren gari. Sarkinmu Ratu Semesa yana zaune daga can sama, da gashin nan nasa fari fat, a tsefe, a tsaye, wanda tun da aka haife ni ban ga ko ƙuda ya sauka a kansa ba. Ana cikin neman shawara sai Apakuki ya tafa hannu ya nemi izini.

"Ranka ya daɗe, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ni nan na yi aiki a makarantar ƙananan yara a Ostiraliya. Bature ba ya kai yaro makaranta da ka, sai ya auna shi ciki da waje."

"Ba lemo ka je tsinka ba?" na ce daga wajen mata.

"Lemo da safe, ilimi da yamma. Ke me kika sani, ke da ko birnin Suva kika je sai an riƙe miki hannu a titi?"

"Ni dai an riƙe min hannu na dawo da hankalina. Kai naka a jirgi ka baro shi?"

Kaka Akanisi, wadda ta fi kowa shekaru a garin, ta ce su a zamaninsu ba a wannan wahalar. Yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya gefen, in ya kamo, ya isa makaranta.

"Kaka, wannan ai awon zamanin jahiliyya ne," in ji Apakuki.

"To kai yi mu gani," na ce.

Ya ɗaga hannu da gadara, hannun ya kai tsakiyar sanƙonsa ya tsaya. Ya yi nishi, ya karkata wuya, kunne ya ce ban san zance ba.

"Kafaɗar ta samu rauni a bakin aiki," in ji shi.

"Kaka, a maido shi baɗi," na ce, "bai isa ba tukuna."

An yi dariya, amma kunyar bara ba ta bar zukatan maza ba, kuma babu wani da ya taɓa ganin makarantar Turawa ko daga nesa. Ratu ya yanke magana: Apakuki ya shirya yaran, ya auna su, wanda ya ce ya isa shi kaɗai za a gabatar wa Malama. Maganar Ratu kuwa in ta fita ba ta komawa.

A cikin yaran akwai Inoke, ɗan wana Peniasi da ke aiki a jirgin ruwa. Uwarsa Unaisi ƙanwar Apakuki ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Inoke tun bara yake raka kwale-kwalen makaranta da ido. An ɗinka masa zanen makaranta irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, an saya masa jaka, da ita yake kwana a rungume. Abokansa Jiuta da Litia duk bana za su tafi, in aka bar shi, daga shi sai masu rarrafe a garin. A gida bakinsa ba ya hutawa, amma ko jariri a garinmu ya san ɗan 'yar'uwa ba ya yi wa kawunsa magana, ba ya kallon idonsa, haka ita ma ƙanwa ba ta musayar zance da wanta. Apakuki ma da wannan aka raine shi, sai dai da alama ruwan teku ya wanke masa a hanyar dawowa.

Awon farko a bakin teku aka yi shi, ruwa ya janye ya bar taɓo. Apakuki ya jera yaran a kan katangar da ke tare igiyar ruwa.

"Yaron da ya isa makaranta yana tsayawa da ƙafa ɗaya. Ku kalle ni da kyau, duk abin da na yi ku yi shi daidai."

"Taubashi," na ce, "yaran da ke hawa bishiyar kwakwa kamar ƙadangaru za ka koya wa tsayuwa?"

"Hawan kwakwa ba ya cikin tsarin Bature."

Ya naɗe ƙafa ɗaya, ya baza hannuwa, ya hura usur. Aladen matarsa Mereoni yana kwance a gindin katangar, bai taɓa jin irin wannan ƙara ba, ya zabura ya daki ƙafar da ta rage. Apakuki ya yi iyo a iska, ya ce "Wayyo uwata!", ya faɗa taɓo ta baya. Yaran suka dubi juna. An ce su yi daidai, sai suka naɗe ƙafa, suka baza hannuwa, suka ce "Wayyo uwata!" baki ɗaya, suka zube a taɓo ɗaya bayan ɗaya.

Apakuki ya taso ba a ganin komai a fuskarsa sai ido. "Kun gani ko? Bin umarni ke nan. Da gangan na yi."

"Shi ma aladen da gangan ya yi?"

"Ke dai je ki kawo ruwa."

Awo na biyu almakashi ne. Ya ce yaron da bai iya yanka da almakashi ba, yatsunsa ba su nuna ba. Ya bi gida-gida ya tattara almakasan gari, har da wanda fasto ke gyara gemu da shi, ya raba wa yaran, ya ba kowa ganyen ayaba. Sai aka kira shi shan yangona, wannan saiwa da mazanmu ke dakawa su jiƙa su zauna a kai har aiki ya wuce su. Ya ce wa yaran su ci gaba da motsa yatsu, yanzu zai dawo.

Ganyen ayaba ba ya daɗewa a hannun yaro mai almakashi. Kusa da su kuwa tsoho Waisake ya shanya komarsa. Da aka gama da koma aka shiga gidan Apakuki, inda Mereoni ta shimfiɗa tabarmar da ta yi wata da watanni tana saƙawa don bikin ƙanwarta.

Ihun Waisake muka fara ji, sannan na Mereoni ya danne shi. Muka fito muka tarar da Apakuki yana zagaye coci da gudu, zanensa a hannu, tsoho na bin sa da filafilin kwale-kwale.

"Baba, tsaya ka duba yankan!" yana faɗa yana haki. "A miƙe yake sak! Yaran nan yatsunsu sun nuna!"

"Tsaya kai ma in ga ko ƙashinka ya nuna!"

Mereoni ba ta bi shi ba, a bakin ƙofa ta tsaya da guntayen tabarma a hannu. "Bar shi, Baba, kada ka gaji da kanka. Ai nan zai dawo ya ci abinci."

Mai hankali da ya tsaya a nan, amma Apakuki ya ce saura ɗaurin igiyar takalmi. Babu yaro ko ɗaya a garinmu mai takalmin igiya, sai ya je ya aro na samarinmu 'yan ƙwallon ragbi, ana jibi za su kara da ƙauyen gaba. Yaranmu kuwa tun suna goye suke ganin yadda ake ƙulla ƙugiya da igiyar anga. Suka ƙulla takalmin wannan da na wancan, na wancan da na gaba, ƙullin masunta wanda in ka ja sai ya ƙara kamawa, har takalman suka zama sarƙa guda mai tsawon kwale-kwale. Ranar wasa samari suka yi ta fama da haƙori da farce, alƙali ya gaji da jira, suka shiga fili ƙafa ba takalmi. Da yake Allah ya so ya ƙara mana jarrabawa, sai suka ci wasan.

"Wa ya gaya muku?" in ji Apakuki, yana yawo a bakin fili da rigarsa mai ƙyalli. "Takalmi nauyi ne. Ni na san abin da nake yi."

Daga ranar maza suka koma bayansa, aka daina jin ta bakinmu.

Sai ya zo kan babban darasi. Ya ce a Ostiraliya yaron da ya isa makaranta yana miƙewa tsaye, ya kafe babba da ido, ya faɗi sunansa da ƙarfi. Mu da muke koya wa yaro ya sunkuya in zai wuce manya, ya ce gafara, ya zauna kafin ya buɗe baki. Ba a jima ba Jiuta ya miƙe a kan kakansa ana cin abinci, ya zuba masa ido, ya kwarma sunansa, har tsoho ya ƙware da gwaza. Bayan wannan sai sanin sassan jiki. Apakuki ya ce Bature ya gano cewa da hannu yaro ke koyo, don haka ya zauna a ƙasa ya mai da kansa allo. In ya ce "Ina kai?" sai su rugo su dafa sanƙonsa. "Ina hanci?" su cafke hancinsa. In ya hura usur su maimaita da sauri.

"Apakuki," na ce, "kan mutum fa kake koya musu taɓawa. Kai! Abin da a garin nan ba a taɓa wa kowa, ko a wasa an taɓa yi?"

"Nawa ne, na ba da shi sadaka don ilimi."

"Ai shi ya sa, ba komai a ciki."

Inoke kaɗai bai rugo ba. Ya zauna a gefe, ya naɗe ƙafa, kansa a ƙasa.

"Kai yaro, dube ni. Yaya sunanka?"

Shiru.

"Ina kai? Zo ka taɓa."

Inoke ya ƙara sunkuyawa, har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

Apakuki ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. "Na yi zargin haka. Ba ya kallon ido, ba ya magana, ba ya gane umarni. Wannan ba bana ba, baɗi ma sai an duba."

"Kai kawunsa ne, sakarai!" na ce. "Ladabi yake yi maka! A gida sai mun roƙe shi yake yin shiru."

"Haka dangi ke cewa kullum. Al'ada daban, kimiyya daban. Jinina ne, amma awo ba ya sanin jini."

Ya faɗi wannan a gaban mutane, kafin yamma magana ta zagaye gari. Masu tausayi suka fara kawo wa Unaisi ganyen magani, marasa tausayi suka fara cewa dama sun lura. Ita kuwa ba ta da bakin yi wa wanta magana, sai ta zo wurina ta zauna tana kuka.

"Torika, ki gaya masa. Ki gaya masa ɗana lafiyarsa ƙalau."

"Na gaya masa, Maman Inoke, har da abin da ba ki aike ni ba."

Na je wurin maza, suka ce Ratu ya riga ya yi magana. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Apakuki a kwanakin nan ba, don wannan karon wautarsa a kan yaro ta sauka.

Shi kuwa ya ce ba zai yar da ɗan ƙanwarsa ba, zai yi masa magani na musamman. Ya samo kwakwa ya zana mata ido biyu da gawayi, ya ajiye ta a kusurwar ɗakinsa. Kullum da rana sai a kai Inoke ya zauna ya kalli kwakwa ido cikin ido, wai daga ita zai saba ya koma kan mutane. Yaro ya yi ta zama. Abin da ya fi ci min rai shi ne a gida ma surutun ya ɗauke. Rannan ina kankare rogo ya zo ya jingina da ni, jakar nan a hannunsa.

"Goggo, kwale-kwalen zai tafi ba ni?"

Na ce ya miƙo min wuƙa, alhali tana hannuna.

Ranar da Malama Salanieta ta zo, gari ya cika zaure. Aka yi mata maraba da yangona yadda aka saba, ta zauna kusa da Ratu da fasto. Na shigo da Inoke na ɓoye shi a bayana cikin mata, don na ce ko ba a gabatar da shi ba ya ga abokansa. Apakuki ya wanke rigarsa mai ƙyalli, ya shafa wa sanƙo man kwakwa. Ya jera yaran daga can sama, dab da manya, shi kuma ya koma bakin ƙofa don a ga ba raɗa musu amsa yake yi ba.

"Ranka ya daɗe, Malama, jama'a, yau za ku ga Ostiraliya a garin nan. Yara, ku gabatar da kanku!"

Yaran suka miƙe zumbur a kan Ratu, suka kafe shi da ido, kowa ya kwarma sunansa. Zaure ya yi tsit. Na ga uwar Jiuta ta rufe fuska da mafici. Apakuki ya ɗauka shirun sha'awa ne, ya ƙara buɗe ƙirji.

"Wannan somin-taɓi ne. Yara, ina kai?"

Sai a lokacin na gane abin da ke shirin faruwa, amma bakin alƙalami ya bushe. Yaran nan ba a taɓa nuna musu cewa su ma suna da kai ba. A wurinsu kai shi ne na babban mutumin da ke zaune a ƙasa kusa da su. Suka dubi Apakuki, ya yi nisa. Suka dubi kusa.

Hannuwa suka nutse cikin gashin Ratu Semesa har wuyan hannu. "Ga kai! Ga kai!"

Mata suka sa salati irin namu, wani tsoho ya kifar da ƙoƙon yangona. Apakuki ya ruɗe, ya rasa abin yi, sai ya hura usur don ya tsai da su. Usur kuwa a karatunsa maimaici ne da sauri. Yara suka ƙara himma, Litia da ta fi su ƙwazo ta wuce gaba ta cafke hancin Ratu tun ba a tambaya ba, Jiuta da bai samu wuri ba ya koma kan fasto.

"Ku bari! Ba wannan kan ba! Nawa! Nawa!" Apakuki yana ihu yana buga sanƙonsa.

Iyaye mata suka rarrafa suka janye 'ya'yansu. Ratu bai motsa ba. Gashin nan ya kwanta gefe guda kamar ciyawar da alade ya yi birgima a kai, idonsa a kan Apakuki, wanda tuni ya zube rubda-ciki a bakin ƙofa. Mai magana da yawun Ratu ya yi gyaran murya.

"Apakuki, ka san abin da ake kawowa in an yi irin wannan. Tashi ka je ka nemo saiwar yangona, babba, ka zo ka nemi gafara."

Ya fita da rarrafe, da baya. Ƙafarsa na barin dokin ƙofa, cikin wannan shiru da ko numfashi ba a ji, sai wata 'yar murya ta tashi daga bayana.

"Goggo, Kawu ya tafi?"

"Ya tafi," na raɗa masa.

"Goggo, Litia ta kama hancin Ratu! Ba a yi ko? Kuma Jiuta bai ce gafara ba. Kuma usur ɗin Kawu akwai yawu a ciki, shi ya sa yake kuka kamar kaza, kuma..."

Na kai hannu zan toshe masa baki, sai Malama ta ɗago.

"Wane ne wannan?"

"Shi ne wanda aka ce ba ya magana, Malama," na ce.

"Turo min shi."

Inoke ya dubi uwarsa, ta ɗaga masa gira. Ya tafi a sunkuye yana cewa gafara, gafara, har ya isa ya zauna ya naɗe ƙafa. Malama ta tambayi sunansa, ya faɗa, ya ƙara da na uwarsa da na jirgin ubansa ba a tambaye shi ba. Ta ce me ya sa ba ya cikin sahu. Ya ce shi kwakwa aka ba shi ya kalla a ɗakin Kawu.

"Kwakwa? To ba ni labari, me kake gani a ɗakin Kawun?"

"Ba komai. Sai dai Kawu da Inna Mereoni suna faɗa. Kawu ya ce kada ta damu da ni, wai ba na ganewa. Sai ya ce ta rufa masa asiri. Sai ta ce wane asiri, mutumin da fenti kawai ya shafa wa shingen makarantar Turawa."

Wani ya yi tari a cikin maza. Mereoni ta dubi rufin zaure.

"Sai me ya faru?" in ji Malama.

"Sai Kawu ya ce ai yana leƙawa ta taga, ya ga komai. Sai Inna Mereoni ta ce ba shi ne wata mata ta fito daga makarantar ta ce ya daina leƙe yana tsorata yara ba? Sai Kawu ya ce wannan rana ta biyu ce. Wai da matar ta yi masa tsawa sai ya ja da baya, sai ya taka bokitin fenti."

"Sai me ya faru?" Wannan karon rabin zauren ne ya tambaya.

"Makarantar tana da zomo a keji. Sai fentin ya..."

Ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai. Muka waiga. Apakuki ne a bakin ƙofa, ya dawo a durƙushe, rungume da saiwar yangona. Sai Ratu ya kira shi.

"Apakuki."

"Ranka ya daɗe."

"Koma waje. Yaro bai gama ba."

Ya koma. Inoke ya leƙa ya tabbatar, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya: zomo ya zama shuɗi, yaran Turawa suka yi ta kuka, aka sallami Kawu a ranar, ya koma tsinkar lemo. Kafaɗun Ratu suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin dannewa, abin ya ƙi, sai ya fashe da dariya da gashinsa a karkace, zaure kuwa ya ɗauka. Kaka Akanisi sai da aka yi mata fifita.

Da aka lafa, Malama ta ce a saki yaran su je waje su yi wasa. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallonsu, tana yi wa iyaye mata tambayoyi: yana ci da kansa? In ya matsu yana faɗa? In an ƙwace masa abu yana iya haƙura, ko sai an kira uwarsa? Ta ce ita abin da take dubawa ke nan, sauran aikinta ne. Masu taɓa kai ba su da laifi, abin da aka koya musu suka yi, sai dai a sauke musu karatun kafin Litinin. Ta nuna Inoke da haɓa.

"Wannan kuwa, yaron da zai ɗauko labari daga farko ya kai shi ƙarshe bai tsallake komai ba, a gaba zan zaunar da shi. In na bar shi a baya ba wanda zai ji ni."

Unaisi ta kama hannuna ta matse har sai da na ce wash.

Apakuki ya nemi gafara da saiwarsa, aka karɓa, aka ɗora masa gyaran komar Waisake. Ka ce zai yi laushi? Ranar Litinin da muka fito rakiya bakin teku, yana nan zaune da koma a cinya yana yi wa mutane bayani.

"Ku dai ku faɗi gaskiya, kafin in sa hannu wa ya taɓa jin muryar yaron nan a zaure? Wata dabara ce, sai an matsa wa yaro yake buɗewa."

"Haka ne, taubashi," na ce, "shi ma zomon sai da ka matsa masa ya canja launi."

"Baba Waisake, ka ji ta ko? Hassada ce."

"Ɗinka," in ji Waisake.

Aka ɗora yara a kwale-kwale. Inoke ya shige tsakanin Jiuta da Litia, jakarsa a cinya, tun kafin a ta da inji ya fara ba su labari da hannu da ka. Unaisi, wadda ta yi kwana da kwanaki tana kuka don kada a bar shi, sai ga ta tana bin kwale-kwalen cikin ruwa, tana cewa ya ci abinci, ya rufa da daddare, kada ya ba kowa tawul ɗinsa. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Na shiga na riƙo ta, ina yi mata tsiya cewa da ita Malama ta auna da an maido ta baɗi, alhali ni ma hawaye nake yi. Muka tsaya a nan, zannuwanmu a jiƙe, har kwale-kwalen ya kusa shan kwana.

"Torika," ta ce, "ko waiwaye bai yi ba."

"Ai abin da muka roƙa ke nan, Maman Inoke."